Dakan Gidan Saude

Da sunan Allah, wanda ya saukar da ciwo, ya kuma tashi masu sassauta shi daga cikin bayinsa.

Kafin kaji su sauko, randar Gwaggo Saude ta riga ta cika. Haka take tun tana da ƙarfin ɗauko tulu daga rafi, haka take har yau da sai an ɗebo mata. Idan ta sallame asuba, sai ta shiga ɗan ɗakin da ke ƙuryar gidanta a Runka, wanda babu mai kwana cikinsa sai mai rauni. Ta share shi, ta kakkaɓe tabarma, ta taɓa tsummokaran da ta shanya jiya ta ji ko sun bushe. Ga ƙwaryar man shanu a rufe da faifai, ga ɗan goran da take zuba 'ya'yan zaƙami a rataye can sama, inda hannun yara ba ya kaiwa. Daga nan ta fito tsakar gida ta bi turamenta ɗaya bayan ɗaya, tana bubbuga cikinsu don ta gane ko wani ya tsage. A da da kunne take ganewa. Yanzu sai ta dafa tafin hannu a jikin turmin ta ji yadda yake amsawa.

Turame ne manya na ƙirya, sun yi wa gidan tsohuwa mai cin tuwon mutum ɗaya yawa. Baƙo yakan tambaya ko fura take sayarwa. Ɗan gari ba ya tambaya.

Saude ba wanzamiya ba ce, ba maɗoriya ba ce. Aska da hantsaki da karan ɗori duk na Sammani wanzami ne, shi ke cire kibiya, shi ke ɗora karaya. Aikinta ma babu wanda ya raɗa masa suna. Ita dai ce take zama da mutum a lokacin da ciwo ya fi ƙarfinsa. Wanda kuwa ya san ƙasar nan tsakanin Batsari da Safana ya san irin wannan lokaci ba baƙo ba ne. Dajin Rugu na bayanmu, mahara kan fito daga cikinsa su auka wa masu noma, su bar wani da kibiya a cinya, wani da saran takobi, wani doki ya bi ta kansa. In an sami shekarar lafiya kuma, ga sa mai ƙaho, ga faɗowa daga kan kuka.

Amma sai an san halinmu kafin a san darajar turamen nan. A wurinmu namiji ba ya cewa wayyo. Tun ranar kaciya ake fara duba fuskarsa. In ya girma ya ji rauni, a zaure ake yi masa aiki, maza sun cika wuri suna kallo, kuma ba ƙafar suke kallo ba, bakinsa suke kallo. Wanda ya yi ƙara, kafin mako ya zagayo 'yan mata sun saka sunansa a waƙar dandali, sunan kuma ya bi shi har jikokinsa. Wanda ya yi shiru a ce namiji ne.

Jinjiri, mijin Saude, namiji ne. Yana baibayar rumbu ya zamo, ƙwaurinsa ya karye. Maɗorin wancan zamani, Allah ya jiƙansa, ya ja ƙafar a gaban jama'a, ya jera kara, ya ɗaure tamau. Jinjiri ko ƙifta ido bai yi ba. Aka watse ana faɗin haka. Kullum masu gaisuwa na shigowa.

"Yaya ƙafar, Jinjiri?"

"Da sauƙi."

Sai sun fita Saude ke ganin abin da ba su gani ba. Gefen tabarmarsa duk ya tattaune shi. Yatsun ƙafar sun kumbura sun yi sheƙi. Ta ce masa bari ta aika a kira maɗori ya sassauta igiyar.

Ya ce, "A ce me? A ce na kasa? So kike in fita kasuwa yara na bina da waƙa?"

Wata safiya ya tashi fuskarsa a sake, ya ce mata ciwon ya tafi gaba ɗaya. Masu gaisuwa suka yi ta hamdala. Ƙudaje ne suka fara gane gaskiya. Da aka kwance ɗorin, ƙafar ta zama kamar gawayi, baƙin kuma ya riga ya wuce gwiwa. Bai ga girbin geron da ya shuka ba.

Saude na cikin takaba, a bayan zana, tana jin masu ta'aziyya a zaure. Kowa ya zo maganarsa ɗaya ce: Allah ya jiƙan Jinjiri, har ya koma ga Ubangijinsa bai ce wayyo ba. Ta saurari wannan yabo har ta fita takaba. Ranar da ta fita, ba gidan danginta ta fara zuwa ba. Wurin Sammani ta tafi, a lokacin yana sabon gadon zabirar mahaifinsa.

"Sammani, in an kawo maka mai rauni, kada ka taɓa shi a zaure. Ka kawo shi ɗakina."

"Cikin gida? Wurin mata? Wane namiji zai yarda, Yaya Saude?"

"Ka ce maganinka ba ya son idon jama'a. Wannan kowa zai yarda da shi."

"To ko an shiga ɗaki, ai katanga ba ta tare murya."

Ta ce, "Wannan ka bar mini."

Wanda aka fara kawowa wani manomi ne daga Zakka, kibiya ta shige masa kafaɗa. Ana shiga da shi, Saude ta leƙa ta kan katanga ta kira maƙwabta, wai tana da gero mai yawa, su taimaka mata da daka. Mata suka zo da taɓarensu suka zagaye turame a bakin ɗakin, suka kama lugude, suna yi suna waƙa. Mazan da ke zaure suka yi tsaki: mutum na zubar da jini, ita kuma ta tara mata ana shewa! Da aka fito da manomin, kibiya a hannun Sammani, suka tambayi juna ko an ji motsinsa. Babu wanda ya ji komai sai daka. Aka ce namiji ne.

Ba a daɗe ba kowa ya gane, kuma babu wanda ya furta. Har yau in aka ji lugude daga gidan Saude a lokacin da ba na daka ba, mace kan sauke tukunya daga murhu ta ɗauki taɓarya ta nufi can, maza kuma su ja tabarmarsu zuwa inuwar da ta fi nisa, su kama hirar farashin shanu.

Abin da take yi a cikin ɗakin, Sammani ya sha faɗa, ban da sunayen mutane. Takan zauna ta bayan mai raunin ta jingina kansa a ƙirjinta, ta tallafe gaɓar da ta ji ciwo don kada ta yi lilo, ta shimfiɗa tsumma mai sanyi daga randa. Ba ta taɓa ce wa mutum ba zai ji zafi ba. Cewa take, "Yanzu za a ja, zai yi zafi ƙwarai, ina nan riƙe da kai." Sannan ta yi ta tambaya: a ina yake? Kamar wuta, ko kamar suka, ko bugawa yake? Daga amsar Sammani ke gane inda kunnen kibiya ya maƙale, ya tsaga wuri ɗaya maimakon ya yi ta lalube cikin naman mutum. Zaƙami kuwa sai dole take bayarwa, abin da bai wuce ya manne a kan ɗan yatsa ba, cikin kunu. Wanda aka fasa wa kai, ko wanda jininsa ya tsiyaye har leɓensa ya yi fari, ko ya roƙe ta da Allah ba ta ba shi. Takan ce zaƙami ba ya kashe ciwo, nisanta mutum yake yi da shi, wani kuma ya yi nisan da ba ya dawowa.

Ke ce, Saude, kika ji kukan mazan ƙasar nan, daga mai gari har mai kiwon jakai, kika haɗu da su kashegari a hanyar rafi kika durƙusa kika gaishe su kamar ba ki taɓa share musu majina ba. Ke ce kika riƙe waɗanda suka tashi, kika riƙe waɗanda suka cika a ƙirjinki, kika laƙƙana musu kalmar shahada cikin ƙarar taɓare. Shekarar da mahara suka ƙone rumbuna, aka rasa ko tsabar da za a zuba a turmi, ke ce kika sa aka zuba yashi. Mata da yunwa a cikinsu suka daka yashi tun hantsi har la'asar, hannuwansu suka fashe, turmi ɗaya ya rabe biyu. A ranar wasu sun fita da ƙafarsu, wasu an fita da su a makara, kuma dukansu an ce maza ne.

Labarin Maude kuwa ba daga bakinta ya fito ba. Shi da kansa ya bayar, kuma za a zo ga yadda aka yi.

Maude Bafillatani ne daga rugar da ke gefen Babban Duhu. A zamaninsa babu wanda ya kai shi a fagen shaɗi. Ƙirjinsa duk tabon bulala ne, an ce ana dukansa yana duba madubi yana gyara kitso. Wata damina mahara suka zo kore shanu, ya tare su da sanda, doki ya take masa ƙwauri. 'Yan'uwansa suka ɗora shi a can daji da abin da suke da shi: kara, da igiyar ɗanyar fatar saniyar da aka kashe a harin. Suka naɗe suka ƙulle. Ɗanyar fata kuwa in rana ta buge ta, tsukewa take yi. Da suka ga zazzaɓi ya rufe shi, sai suka aza shi a kan takarkari suka kawo Runka, wai a ba shi maganin zazzaɓi. Wanda ya jagorance su shi ne Arɗo Kabo, surukinsa, mutumin da Maude ko ruwa ba ya sha a gabansa.

Da azahar suka iso. Saude ta dubi yatsun ƙafar, ta taɓa su, ta ji sanyi. Ta san wannan sheƙin.

"Ɗan nan, yana ciwo?"

Maude ya dubi ƙasa. "Babu komai, Inna."

"Jiya fa?"

"Babu komai."

Ta juya ga Arɗo ta ce sai an kwance ɗorin yanzun nan. Arɗo ya girgiza kai.

"Baiwar Allah, ɗori in an ɗaura ba a kwancewa sai ƙashi ya kama. Da yana cutarsa ai da ya faɗa. Ke ba ki san wanda ke gabanki ba ne. Wannan yaron namu, a shaɗin Safana an karya sanda a jikinsa yana dariya."

"Na ji labari, Arɗo. Mijina ma haka aka ce."

"To maganin zazzaɓi muka zo nema, ki ba mu mu tafi."

Ya shimfiɗa buzunsa a bakin ɗakin ya zauna, alamar ba ya motsawa. Sammani, da aka riga aka kirawo, ya dubi Saude. Muddin tsohon nan yana wurin, Maude zai bar ƙafarsa ta mutu a jikinsa kafin ya buɗe baki. Saude ba ta ja magana ba. Ta leƙa katanga ta yi kira. Nan da nan gida ya cika da mata, masu goyo, masu ɗaurin ƙirji, suna gyara zane suna ture turame zuwa daidai inda Arɗo yake zaune.

Ta ce, "Arɗo, maganin zazzaɓin sai an daka. Matan mutane ne, za su yi zufa, zane zai zame. In zama za ka yi, ga taɓarya, ka kama wa Lami, hannunta na ciwo."

Matan suka bushe da dariya. Lami ta miƙa masa taɓaryar da hannu biyu, har da durƙuso. Arɗo ya naɗe buzunsa yana salati, bai tsaya ba sai gindin tsamiyar da ke bayan masallaci.

Lugude ya kama. Saude ta rufe ƙofar ɗaki da asabari, ta zauna ta ɗora kan Maude a ƙirjinta.

"Kana jin dakan nan? Ko sa aka yanka a ɗakin nan surukinka ba zai ji ba. Daga ni sai wanzami, mu kuwa mantuwa gare mu. Faɗa mini gaskiya."

Maude ya ce shekaranjiya ji yake kamar an cusa ƙafar a maƙera. Jiya ya fara raguwa. Yau kusan ba ya jin komai, yana ganin sauƙi ne ya zo.

Ta ce, "Ba sauƙi ba ne."

Ta ɗauki ƙaya ta soki babban yatsa. Bai motsa ba. Ta soki na kusa da shi, shiru. Ya roƙe ta ta ba shi abin nan da ake sha a yi barci kafin a taɓa shi. Ta hana.

"Yau ba zan ba ka ba, ɗana. So nake ka ji. In an yanke fatar nan jini ya koma ka ji zafi, ƙafarka tana da rai. In ba ka ji ba, sai mu fara neman yadda za mu ceci sauran jikinka. Yanzu za a yanke. Ina riƙe da kai."

Sammani ya zura aska ƙarƙashin fatar, wadda ta bushe ta nutse cikin nama. Ya yanke ƙulli ɗaya bayan ɗaya. Karan suka zube. Suka zauna suna kallon ƙafar, ƙasa na girgiza da daka. Maude na kwance kamar gawa. Sammani ya ce a ransa an makara.

Sai jikin Maude ya ɗauki rawa. Ya danƙi hannun Saude har farcensa ya shige. Ya buɗe baki ya kurma ihun da Sammani ya ce bai taɓa jin irinsa daga ɗan Adam ba, yana kiran uwarsa da Fillanci, yana kuka da hawaye da majina. Saude ta rungume kansa tana cewa, "Alhamdu lillahi. Ƙara. Ƙara, ɗana, alhamdu lillahi."

Ƙananan yatsu biyu ba su dawo ba, sai da aka cire su. Ƙafar ta tsira. Da aka fito da shi, Arɗo ya tambayi matan ko sun ji wani abu. Lami ta ce su dai gero suka sani. Arɗo ya shafa gemu ya ce ai ya faɗa.

An yi shekaru da wannan. Yanzu Maude ya yi furfura, yana ɗingishi a bayan shanunsa. Saude kuma kunnenta ya tafi. Shekarun da ta yi tsakanin ihu ta ciki da taɓare ta waje sun cinye shi. Bana da kanta ta ce ta sauka, ta damƙa ɗakin ga Zuwairatu, matar ɗan ƙaninta, wadda ta daɗe tana zama tare da ita. Ta ce aikin na saurare ne, wadda ba ta jin bambancin nishi da nishi za ta kashe mutum.

Sai ga shi saukarta ta zo daidai da wata sabuwar magana a bakin samari. Wai tunda kowa ya san abin da dakan yake rufewa, shiga ɗakin ma ragwanci ne. Uwaisu, mai kwari da baka da ke tsaron ƙofar gari, ya faɗo daga kan ganuwa, aka ɗora masa ƙafa a zauren gidansu a gaban abokansa, ya kuma rantse babu mai kai shi gidan mata. Matarsa ta zo wurin Zuwairatu a ɓoye ta ce yatsun sun fara sheƙi. Sammani ya je, aka ce masa da sauƙi.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko, dattawa suka biya ƙofar gidan Saude don su yi mata sannu da aiki. Aka fito da ita aka zaunar a tabarma. Aka yi addu'a, sannan wuri ya yi tsit. Kowa a wurin yana da abin faɗa, kuma duk wanda ya faɗa ya tona kansa. Shi ya sa ta tsufa ba a taɓa gode mata a fili ba.

Maude ne ya dogara sanda ya miƙe. Ya tuɓe rigarsa aka ga tabon shaɗi, ya cire takalmi aka ga gurbin yatsu.

Ya ce, "Kun san ni. Wanda ya fi ni jure bulala a nan ya tashi." Babu wanda ya tashi. "To ni na yi kuka a ɗakin tsohuwar nan. Na kira uwata kamar jariri. Da ban yi ba, da tuni ciyawa ta rufe kabarina, kuna cewa namiji ne. Mai son waƙa ya je ya yi da sunana."

Ya ba da labarin duka, kamar yadda aka rubuta shi a nan. Wasu dattawa suka sunkuyar da kai. Yayyen Uwaisu biyu, da ke tsaye a baya, suka dubi juna suka zame ba sallama.

Saude na ta kallon bakin Maude yana motsi. Ta taɓa Zuwairatu ta ce me yake cewa. Zuwairatu ta kai baki kunnenta ta ɗaga murya ta faɗa mata. Tsohuwa ta dubi Maude sama da ƙasa.

Ta ce, "Ƙarya yake. Ni ban ji komai ba. Daka ake yi."

Mun gode, Saude. Mun gode a madadin waɗanda suka iya faɗa da waɗanda har su mutu ba za su iya ba. Allah ya sa yadda kika rufa wa bayinsa asiri ya rufa miki naki, ya sassauta miki ranar da kowa ke neman sassauci. Ku kuma da wannan takarda za ta iske, a Zakka ne ko a Batsari ko inda ta kai: in an ɗaure wa ɗanku ƙafa, ku bar kallon bakinsa, ku dubi yatsunsa. Ku daina yabon shirun mai ciwo, mun binne mutane da wannan yabo. Garin da ba shi da irin ɗakin nan, a sami mace mai riƙon amana a ba ta turame.

Kafin la'asar ta yi sanyi a ranar, aka ga an wuce da Uwaisu a kan ƙyauren ƙofa, ya rufe fuska da riga. Har zuwa rubuta wannan ba a san ko ƙafar za ta tsira ba, Sammani ya ce an bar ta ta daɗe. Mata suka fito da taɓare, maza suka ja baya. Saude na nan zaune a tabarmarta a ƙofar gida, ba ta jin komai. Sai ta miƙa hannu ta dafa ƙasa da tafinta, ta ji bugun taɓaren.

Ta ce, "Ku ce musu su ƙara ƙarfi. Yanzu za a kwance."